Ruwan zafi na zuwa kamar zare, na sanyi kuwa lafiya lau: ina matsalar take?

Baban jariri, Zariya 2:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin ruwa. Allah ya sauki iyalina lafiya yau kwana 12, mun samu ɗa namiji, har an yi suna. Tun tana da ciki na lissafa haihuwar za ta faɗo tsakiyar ɗari, shi ya sa wata 3 da suka wuce na daure na sa hita mai lita 50 a banɗaki, wadda wasu ke ce wa shofo, don kada a riƙa hura itace da asuba saboda wankan jego. Ruwanmu daga kamfani yake shigowa, ya hau tankin da ke kan shato a tsakar gida, daga nan ya sauko ko'ina.

Na sanyi yana zuba lafiya lau. Na zafi kuwa siriri kamar zare, kafin bokiti ya cika rabin ruwan ya huce. Da farko ya fi haka ƙarfi, ko da yake bai taɓa kai na sanyi ba, amma kullum sai raguwa yake. Surukata da ta zo daga Tibiri kula da mai jego ta gaji da jira, ta koma ɗora tukunya a murhu. Jiya ƙarfe 5 na asuba na same ta a tsugune tana hura wuta cikin wannan iska, dattijuwa ce, abin ya tsaya mini a rai. Wani ya ce in sayi injin ƙara ƙarfin ruwa, wani ya ce hitar ce jabu in canza. Don Allah ta ina zan fara?

Hajiya, Ali Ɗan Sofo:
Wa'alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Ɗana, kafin ka kashe ko dala, kwance kan shawar ka duba. Namu haka ya yi bara, ashe ƴan ƙananan hujojin ne suka toshe da wani farin abu kamar alli. Na jiƙa shi cikin ruwan kal ya kwana, da safe na goge da tsohon burushin haƙori, sai ga ruwa kamar sabo.

Mai shagon kayan famfo, Babbar Kasuwa:
Barka Malam. Gaskiya ni shawarata inji. Yawancin gidajen da ke da tanki matsalarsu ke nan, shaton gajere ne, ruwan ba ya da nauyin da zai ratsa hita ya fito da ƙarfi. Ka sa ƙaramin inji mai tashi da kansa in an buɗe famfo, ka huta. Da yawa sun saya a wurina, ba wanda ya dawo da ƙorafi.

Mai gyaran famfo, Sabon Gari:
Barka da samun ƙaruwa Malam. Alhaji mai shago, da girmamawa, ban yarda a fara da inji ba. Mutum ya ce na sanyi yana zuwa lahiya, kuma da na sanyin da na zafin duk daga tanki guda suke saukowa. In da gajartar shato ce kaɗai, da su biyun duka sun yi rauni. Wanga abu toshewa ce wani wuri kan hanyar zafi. In an sa inji bisa toshewa, an biya kuɗin inji, an ƙara kuɗin kuran, toshewar kuwa tana nan inda take.

Malam, amsa mini wagga tambaya: a shawa kaɗai na zafin ke da rauni, ko har a kicin da wurin wanke hannu? Kuma tiyon gidan wane iri ne, ƙarfe, ko koren roba da ake narkawa?

Baban jariri, Zariya 2:
Amin Hajiya, na gode. Na kwance kan shawar yanzu, akwai ƴar yashi kaɗan, na wanke. Na buɗe famfon ba tare da kan ba, na zafin bai canza ba. Maigida mai gyara, ko'ina haka yake, shawa da wurin wanke hannu da kicin. Tiyon zafi koren roba ne, an ja shi lokacin sa hitar.

Baba Injiniya, Bagalam:
Allah ya raya mana. Ɗana, ido yana ruɗi, "siriri" da "lafiya lau" ba awo ba ne. Ɗauki bokiti mai lita 10 da agogon wayarka. Buɗe na sanyi shi kaɗai har ƙarshe, ka ga minti nawa zai cika. Zubar, ka yi haka da na zafi shi kaɗai. Ka rubuto mana lambobin biyu. Kowane gyara aka yi daga baya sai a sake awon, a nan za mu san ko an taɓa ciwon ko gefensa aka taɓa.

Kuma ina so jama'a su fahimci lissafin tanki, don Alhaji mai shago bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Ƙarfin ruwan da ke saukowa daga sama tsawo ne ke ba da shi, girman tanki ba ya ƙara komai. Kowace mita 10 ta tsawo tana ba da kimanin bar 1, bar shi ne ma'aunin matsin ruwa. Kuma tsawon da ake ƙirgawa daga saman ruwan da ke cikin tanki ne zuwa bakin famfo. In shatonka mita 4 ne, kan shawa kuma yana mita 2 daga ƙasa, abin da ya rage maka mita 2 da ɗan tsawon ruwan cikin tankin, wato bar 0.2 zuwa 0.3. Su kuwa waɗannan hitoci an ƙera su ne don gidajen da ruwa ke shiga da bar 2 ko 3. Mai bar 3 in ƴar toshewa ta cinye masa kaɗan ba zai ma lura ba. Mai 0.3 ba shi da rarar da za a ci. Shi ya sa a gidajenmu ƙaramin laifi ke zama babba.

Baban jariri, Zariya 2:
Na gwada Baba. Na sanyi ya cika bokiti cikin minti 1 da daƙiƙa 20. Na zafi sai da ya ɗauki minti 5 da rabi. Shaton kuma kamar yadda kuka ƙiyasta ne, mita 4 da ɗan wani abu.

Matashi mai aikin gini, Burja:
Yaya, ni na san maganin. Ƙarƙashin hitar, wajen da ruwan sanyi ke shiga, akwai wani ɗan ƙarfe mai ɗan hannu. Shi ne ke riƙe ruwa. A wuraren da muke aiki in aka samu irin haka cire shi kawai ake yi a haɗa tiyo kai tsaye, nan take ruwa ya buɗe.

Mai gyaran famfo, Sabon Gari:
A'a ƙanena, don Allah kada ka ƙara ba kowa wagga shawara. Malam, kar ka cire shi.

Baba Injiniya, Bagalam:
Yaro ya nuna wurin da ya kamata a duba, amma maganin da ya kawo haɗari ne, bari in yi bayani don na san ana yin haka a gari. Wannan ɗan ƙarfen shi ne makarin hitar, kuma aiki biyu yake yi. Na farko, ruwa in ya yi zafi kumbura yake. Lita 50 in aka ɗaga ta daga sanyin safiya zuwa digiri 60 tana ƙaruwa da abin da ya kusa lita guda, tukunyar kuma ƙarfe ce a rufe. To a cikin makarin akwai ƙofar da ke buɗewa da kanta in matsi ya yi yawa, galibi an saita ta wajen bar 7, ta zubar da rarar. Shi ya sa za ku ga yana ɗiga lokacin da hita ke aiki, wasu su ɗauka lalacewa ce har su toshe bakin. Toshe shi ya fi cire shi muni. Ranar da abin da ke kashe wuta in zafi ya kai ya lalace, ruwa ya ci gaba da tafasa ba mafita, tukunyar na iya fashewa a cikin banɗaki.

Na biyu, akwai wani ɗan marfi mai sifirin a ciki da ke barin ruwa ya shiga, ya hana shi komawa baya. Ku tuna sau nawa tankinmu ke ƙarewa in ruwan gari ya ɗauke. In babu wannan marfi, ruwan hita na iya zurarewa baya ta tiyon sanyi, tukunya ta yi ƙasa, sandar da ke dafa ruwan ta tsaya a iska da wuta a jikinta, ta ƙone. Ga kuma ruwan zafi yana bin farin tiyon roba na sanyi wanda ba a yi shi don zafi ba, ya yi laushi, gam ɗinsa ya saki.

Amma gaskiyar yaron ita ce, wannan marfin wuri ne matsattse, yashi na son maƙalewa a nan. Wankewa ake yi, ko a sa sabo.

Matashi mai aikin gini, Burja:
Na gode Baba, wallahi ban san haka ba. Akwai gida biyu da na san an cire, zan gaya wa masu su.

Mai gyaran famfo, Sabon Gari:
Madalla. To Malam, ga yadda nike bin irin wanga aiki, kamar mai bin sawu, daga inda ruwa ya fito har inda ya ɓace. Amma kafin komi ka kashe kuran ɗin hitar daga babban akwatin wuta, ba daga ɗan makunnin bango kaɗai ba, kuma ka bari ruwan ya huce ko ka yi aikin da rana bayan an kwashe na zafin. Ruwa da wutar 220 ba a wasa da su, ga ƙafa a jiƙe.

Fara duba makullin da ke gaban hitar. Sau da yawa na je gida na tarar rabi aka buɗe shi, ko hannun yana juyawa amma cikin bai juya ba. Sannan ka dubi ƴan gajerun tiyo masu saƙar ƙarfe da ke haɗa hita da bango, mai alamar shuɗi na shiga ne, mai ja na fita. In an lanƙwashe ɗaya da ƙarfi don ya kai, robar ciki ta naɗe, ruwa ba ya wucewa ko da daga waje kamar lahiya.

In duk wannan daidai ne, rufe makulli, kwance tiyon shuɗi daga jikin makari, sa bakinsa cikin bokiti, buɗe makulli. In ya zubo da ƙarfi irin na sanyin gidan, to har nan hanya a buɗe take, laifin na gaba. In ba ka saba riƙe sifana ba, kira mai gyara na unguwarku ya yi kana tsaye, aikin rabin awa ne. Abin da nike so kawai, kada a kwance wuri biyu lokaci guda, don in ruwa ya gyaru ba za a san wanne ne ba.

Ungozoma, Mokoyo:
Barka da arziki. Ni ba aikin famfo na sani ba, amma bari in sa baki ta ɓangarena tunda akwai mai jego da jariri. In na zafi ba shi da ƙarfi, mutane kan murɗa hita zuwa ƙarshe wai don ɗan abin da ya fito ya isa sirkawa. Don Allah kada a yi. Ruwa mai digiri 60 yana ƙona fatar babba cikin ƴan daƙiƙu, balle ta jariri. Ruwan wankan jariri kamar ɗumin jiki ne, wajen digiri 37, a fara zuba na sanyi a baho sannan na zafi, a gwada da gwiwar hannu. Kuma kada a taɓa tara jariri a ƙarƙashin famfo kai tsaye, don in wani ya buɗe ruwa a kicin sanyin na iya raguwa farat ɗaya, zafi zalla ya zubo.

Ita ma mai jego, ruwa mai ɗumi sosai ya wadatar. Muna ganin mata da ƙuna a baya da cinya saboda an ce sai ya yi zafin da ba a iya sa hannu. A lallaɓa Inna a gaya mata da ladabi, ta san abin da take yi, tausayi ne ke sa ta.

Hajiya, Ali Ɗan Sofo:
Gaskiya ne Malama. Mu da aka yi wa da ganyen dogon yaro da tafasasshen ruwa kwana 40 mun san abin da muka sha. A yi wankan, al'ada ce kuma jiki na jin daɗinsa, amma a sirka.

Mai shagon kayan famfo, Babbar Kasuwa:
Ni dai har yanzu ina kan bakana. Ku duba lambar da ya kawo, ko na sanyin ma minti 1 da daƙiƙa 20, wato lita 7 da rabi a minti. Ai wannan ba ƙarfi ba ne, a bakin famfo ke nan, in ya bi ta kan shawa sai ya ƙara raguwa. Ko an wanke komai ƙarshenta sai ya sa inji.

Baba Injiniya, Bagalam:
Alhaji, lissafinka daidai ne, kuma wataƙila wata rana ya so injin don jin daɗi. Amma abin da ya kawo shi yau shi ne bambancin minti 1 da minti 5 daga tanki ɗaya, inji kuwa ba ya cire yashi. Kuma a faɗa wa mai saye gaskiya duka: ranar da babu wuta babu inji, wasu injinan ma in sun tsaya suna ƙara tare hanya, sai an yi musu tiyon kewaye. Sannan bayan tanki ake sa shi. Masu haɗa shi kai tsaye bayan kwantar, wato ma'aunin ruwa na kamfani, suna zuƙe ruwan layi ne, maƙwabci na ƙarshen lungu ya rasa. Wannan haƙƙi ne.

Mai shagon kayan famfo, Babbar Kasuwa:
Wannan na yarda Baba, ni ma ina hana su haɗawa a kwantar. A gwada naku ɗin mu gani.

Baban jariri, Zariya 2:
Salam. Na kira wani mai gyara a unguwarmu, muka bi yadda Maigida ya ce. Makulli lafiya, tiyon shuɗi ya zubo da ƙarfi. Da aka zubar da ruwan hitar aka kwance makarin, wallahi cike yake da jan yashi da wasu ƴan ɓarɓashin roba, marfin da ƙyar yake motsi. Mun wanke, mun mayar. Na sake awo: minti 3. An samu sauƙi sosai, amma har yanzu lokacin ya ninka na sanyi. Mai gyaran ya ce wai haka hita take, in haƙura.

Mai gyaran famfo, Sabon Gari:
Alhamdu lillahi, an kama ɓarawo guda, saura guda. Kada ka haƙura. Na zafi kan ɗan gaza na sanyi, don hanyarsa ta fi tsawo kuma yana ratsa makari, amma ba ninki biyu ba. Ka tuna mi ka ce tun farko, wai ko ranar da aka sa bai kai na sanyi ba. Yashi sannu a hankali yake taruwa, shi ne raguwar da kake gani kullum. Raunin ranar farko kuwa laifin haɗi ne.

Kafin mu ci gaba, ina fata kun cika tukunyar kafin ku mayar da kuran? Ana buɗe famfon zafi a bar shi yana tari yana fitar da iska har ruwa ya miƙe, sannan a kunna.

Yanzu yi wancan gwajin a ɗaya gefen. Kashe wuta, rufe makulli, kwance jan tiyo daga bango ka bar shi a jikin hita, sa cikin bokiti, buɗe makulli. In ya yi rauni a nan, laifin cikin tukunya ne. In ya zo da ƙarfi, laifin cikin koren tiyo ne, kuma ina zargin haɗin farko.

Wani malamin makaranta, Sura Bildi:
Maigida, in cikin tukunya ne fa, me ke toshe ta? Tawa ta shekara 6, ita ma ta fara rauni, kuma tana ƙara kamar ana soya gyaɗa in tana dafa ruwa.

Mai gyaran famfo, Sabon Gari:
Malam, taka daban ce da tasa. Tasa wata 3, ba ta isa tara komi ba. Taka farin dutsen nan ne da Hajiya ta gani a kan shawa. Dubi gindin butar da kuke dafa ruwan shayi, in akwai farin ɓawo, to irinsa ne ke cikin hitarka, ya lulluɓe sandar wuta, ya zube a ƙasa, ya matse bakin fita. Ƙarar da kake ji ruwa ne ke tafasa ƙarƙashin ɓawon. Ya danganta da ruwan wuri, wani gida da yawa, wani kaɗan, masu rijiyar burtsatse kowa da irin nasa. Kuma zafi ke haifar da shi, in an wuce digiri 60 ya fi saurin taruwa. Shi ya sa ake samunsa gefen zafi a bar gefen sanyi.

A buɗe ta daga ƙasa a kwashe da hannu, a jiƙa sandar cikin ruwan kal, a sa sabuwar robar marfi. Akwai kuma wata sanda mai laushi a ciki da aka sa don tsatsa ta ci ta maimakon ta ci tukunya. Shekara 6 ba a duba ba, da wuya in ta rage. A canza ta.

Baba Injiniya, Bagalam:
In ƙara kaɗan: kada jin haka ya sa a sauke ma'aunin ƙasa sosai. Ruwan da ya kwana da ɗumi-ɗumi, tsakanin digiri 25 da 45, shi ne wurin da wata ƙwayar cuta mai kama huhu ke yaɗuwa, ana shaƙarta cikin feshin shawa. A tsaya 55 zuwa 60 a cikin tukunya, a sirka a baho kamar yadda Malama ta ce.

Mai sa sola, Ɗan Gulbi:
Ina bin maganar tun jiya. Ga masu hitar rana a kan rufi, akwai wata matsala mai kama da wannan da ba toshewa ba ce. Irin mai gilasai dogaye da aka fi sawa, tankinta a buɗe yake, ruwan zafi da nauyinsa kawai yake saukowa daga rufi. In na sanyi kuma daga layin kamfani yake kai tsaye, ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Da ka buɗe famfo mai haɗa biyun, sanyi sai ya danne zafi, har ya tura shi baya ya hau rufi tanki ya yi ambaliya. Mai gida ya ce zafi ba ya zuwa, alhali hana shi fitowa ake. Maganin a ɗauko sanyin banɗakin daga tanki shi ma don su yi kusan daidai, ko a raba famfo biyu. Kuma irin wannan tankin ba a tura masa inji ta baya, ba a yi shi don matsi ba.

Uwargida, Maradawa:
To mu da muke da ƴar ƙaramar nan da ake liƙawa jikin bango, mai dafa ruwa nan take ba tukunya? Ita ma in an so zafi sai an rage ruwan ya zama siriri. Lalacewa ce?

Baba Injiniya, Bagalam:
Ba lalacewa ba ce ƴata, iyakar ƙarfinta ke nan. Mai wat 3500, in ana so ta ƙara wa ruwa digiri 20, abin da za ta iya lita 2 da rabi ne a minti. Cikin bazara ruwan tanki da ɗuminsa yake shigowa, ba kya lura. Disamba da Janairu yana shigowa da sanyi, dole a rage gudu kafin ya yi zafi. Abin da zan roƙe ki, a tabbata an haɗa mata wayar ƙasa da abin yanke wuta mai saurin ji, na miliyamfa 30, don wutar tana kusa da mai wanka.

Baban jariri, Zariya 2:
Maigida, Allah ya ƙara basira. E, mun cika kafin mu kunna. Yau mun yi gwaji na biyu, daga bakin hita ruwan ya zubo da ƙarfi, kusan kamar na sanyi. Sai na ce wa mai gyaran ya yanke gwiwar farko ta koren tiyo, inda ya shiga bango. Bai so ba, ya ce ɓarna ce, na ce na ɗauki asarar. Da aka yanke muka leƙa, robar ta narke ta taru a ciki kamar zobe, ramin da ya rage da ƙyar fensir zai shiga. Na ɗaga shi a rana ina kallo, na ma rasa abin cewa.

Mai gyaran famfo, Sabon Gari:
Shi ne nike zargi. Wannan koren tiyo abu ne mai kyau, ba ya tsatsa irin na ƙarfe da ke cikin tsofaffin gidaje, amma hannu yake so. Ƙarfen narkawar yana kai digiri 260, tiyo mai milimita 20 kuwa daƙiƙa 5 ake barinsa a kai, mai 25 daƙiƙa 7. Yaranmu sai su bar shi suna hira, ya yi lugub, sannan su danna da dukan ƙarfinsu wai don kada ya yi yoyo. Yoyo kam ba zai yi ba, amma robar da ta narke ina za ta? Ciki take komawa. Kuma daga waje haɗin ya fi kowane kyau, mai gida ba shi da yadda zai gane.

Ramin cikin mai 20 na ruwan zafi dududu milimita 13 ne. In faɗin ya ragu rabi, kashi ɗaya cikin huɗu na hanyar ruwa kaɗai ke saura. Ga shi kuma a haɗin farko, shi ya sa duk gidan ya ji. Abin da ke ba ni tsoro, hannun da ya yi wannan shi ya yi sauran. Ku gyara wannan ku auna, in lamba ta yi kyau a bar na cikin bango, kada a fasa tayil a banza. In wani famfo guda ya ci gaba da rauni, to an san reshen da za a bi.

Ni a wurina duk yaron da nike koya wa, sai ya haɗa guda goma na yanke su a gabansa ya ga cikinsu kafin in bar shi ya taɓa gidan mutane.

Mai shagon kayan famfo, Babbar Kasuwa:
To Maigida, na sallama a wannan. Amma a gidan da haɗi mai kyau ne kuma shato gajere, maganata tana nan. Kuma ina ba masu sabon gini shawara, babban layin da ke saukowa daga tanki su sa mai 32 ko aƙalla 25, a bar mai 20 ga ƴan rassa. Bambancin kuɗin kaɗan ne a kan abin da za a kashe daga baya.

Baba Injiniya, Bagalam:
Wannan shawara ce mai kyau Alhaji, a nan muna tare. Ɗana, saura yashin, don zai dawo. Daga tanki ya sauko. Hau ka leƙa gindin tankin, za ka ga abin da ya kwanta. A wanke shi, a rufe marfin da kyau saboda ƙurar wannan lokaci, kuma in bakin fitar ruwan yana manne da gindi a ɗaga shi ɗan yatsa huɗu. Matata ka sa ta a layin da ke hawa tanki, inda ruwan kamfani ke da ƙarfin ratsa ta. In ka sa a layin saukowa za ta cinye ɗan abin da kake da shi. Makarin kuma, sau ɗaya a wata ka murɗa ɗan hannunsa ruwa ya fita na daƙiƙa biyu uku, don kada ya daskare.

Baban jariri, Zariya 2:
An sa sabuwar gwiwa, na tsaya a kai ina ƙirga daƙiƙun da bakina. Awon yanzu: shawa minti 1 da daƙiƙa 40, wurin wanke hannu kusan haka. Kicin ne ya tsaya a minti 2 da rabi, da alama akwai wani haɗin a reshensa, amma wannan zai jira sai an yi arba'in, ba na son fasa bango da jariri a gida. Tankin zan hau ranar Lahadi.

Yau da asuba Inna da kanta ta buɗe famfo ta tara baho, ta sirka, ba a hura wuta ba. Na karanta mata saƙon Malama ungozoma, ta ce ta ji, amma ganye dai sai an sa, don haka tana tafasa shi a ƴar tukunya a kan gas ta juye a ciki. Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri, ya biya wa kowa bukatarsa.

Ungozoma, Mokoyo:
Amin. Ganyen ba laifi, a dai tace shi kuma a gwada ruwan da gwiwar hannu bayan an juye, kafin ta shiga. A gaishe da Inna da mai jego.

Wani malamin makaranta, Sura Bildi:
Maigida mai gyara, na duba butar shayin, farin ɓawon na nan har ya fara ɓamɓarewa. Ranar Asabar za mu buɗe tawa. Robar marfin a kasuwa ake samu, ko sai na cire tsohuwar na je da ita?

Mai gyaran famfo, Sabon Gari:
Ka je da ita Malam, da sandar mai laushi duka, girmansu ya bambanta daga hita zuwa hita. Ka fara da safe don ka samu shaguna a buɗe, kuma ka ɗauki hoton wayoyin kafin ka kwance ko ɗaya.